Abin da Mahauci Ya Ciro Daga Tumbin Akuyar Maƙwabciyata

A wancan lokaci ni matar gida ce a unguwar Gwange, karatuna bai wuce allo ba, sai surutu da son mutane. Ina suyar awara a ƙofar gida, duk wanda ya saya in ƙulle masa a leda, ya ci ya yar a nan. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da wata tsohuwa da rikici ya koro daga ƙauyensu, tana riƙon jikarta da uwar ta rasu ta bari a zanin goyo. Ba abin da cikin yarinyar ke karɓa sai nonon akuyar tsohuwar. Kullum akuyar nan tana gindin kaskona, har ina mata tsiya wai ta fi kowa son yajina. Ana nan sai ta daina ci, ciki ya kumbura, nono ya ƙafe. Ta katanga nake jin kukan yarinyar yana ta raguwa, har ya koma kamar na 'yar mage. An ba akuyar kanwa, an ba ta jiƙo, shiru. Da ta kasa tashi aka kira mahauci kafin ta zama mushe. Ina tsaye ya farke tumbin, ya yi ta jawo leda a dunƙule, yana cewa ledar da ta ji mai da gishiri ita dabba ke haɗiyewa. Layin nan kuwa ni kaɗai ke suya. Tsohuwar ta kira ni 'yarta, ta ce kada in damu, kwanan akuyar ne ya ƙare. Wallahi da zagina ta yi ya fi mini sauƙi. Yarinyar sai da aka kwantar da ita a asibiti saboda tamowa. Allah ya tashi kafaɗunta, amma har yau ba ta kamo sa'anninta ba.

Tun daga nan na ce mai son awara ya zo da kwanonsa. Aka yi ta mini ba'a wai na zama duba-gari, wasu suka ƙaurace. Mai koko da ta ga abin da idonta ta bi sahuna, sai mai ɗanwake, yanzu har layin bayanmu kwano ake kaiwa.

Na gane ba sai da mugun nufi ake cutar da maƙwabci ba. 'Yan uwana masu sana'a, ku dubi ƙofar gidanku kafin ku sauke kasko. Ni sai da marainiya ta rasa nononta na duba tawa.