Gabas da Kuka

Shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina ina aikin malamin gona a Boɗinga. Aka kawo mana ɗan jirgin nan marar matuƙi don mu ɗauki hoton gonaki daga sama, mu ga iyakar ɓarnar fari. Ni aka damƙa wa shi, kaina kuwa ya kumbura, har tafiyata ta sake.

Wajen Dandin Mahe, a wata gonar gero da ke kan kufai, hoton ya fito da abin da ban taɓa gani ba. Geron duk ya yi yaushi, amma ga wasu zobba uku kore shar, kamar an kifa ƙwarya an zana bakinta. Gefensu, kusa da wata kuka, ga 'yan layuka kore a jere, duk sun miƙe kudu da arewa. Wani abokin karatuna mai koyar da tarihi a Sakkwato ya duba ya ce inda aka taɓa haƙa rami ya fi riƙe laima, shi ya sa shuka ke tona shi lokacin fari. Zobban, in ji shi, mai yiwuwa kaburburan mutanen da ne tun kafin zuwan Musulunci. Layukan kuwa ba sai an gaya wa Musulmi ko mene ne ba.

Ni ba na iya riƙe labari, cikina ba rumbu ba ne. Na san a wannan kufai Inna ta fara zaman aure da Baba, kafin rijiyar garin ta ƙafe mutane su watse. Tun rasuwar Baba tana wurina. Na same ta tana tsintar wake, na miƙa mata hoton a waya ina washe baki, wai in burge ta.

Ko kallon zobban ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan bishiyar.

"Wagga kukar tamu ta," in ji ta. "Buɗa mani nan. Waɗanga ƙananan hwa?"

"Na yara ne, Inna."

"Wanka na nan ciki."

Wane wa? Na kai shekara arba'in ina taƙamar ni ne ɗan fari. Har nakan yi mata tsiya cewa ita kaɗai ce uwar da ke kiran sunan ɗan farinta gatsal, ba kunya. Dariya kawai take yi, ni ma in yi.

"Kwana biyar yay yi," ta ce, "ba a kai ga suna ba. Ina ɗaki anka ɗauke shi cikin tabarma, ka san mata ba su bin gawa. Babanka ya ce mani gabas ga kuka. Ban sake tambaya ba, kunya nika ji, shi ko bai sake hwaɗi ba." Ta miƙo mini wayar. "Yanzu ai gona ta, ba wanda ka hana ni shiga. Kai ni."

Na ce to, sannan na yi ta ja mata rai. Yau ofis, gobe babur ba lafiya. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, don ƙananan layukan biyar ne gabas da kukar, kuma ban san abin da zan ce mata ba. Kafin in yi ta maza ruwa ya dawo, ya yi kwanaki yana zuba. Wannan jinkiri har yau yana cina.

Da muka isa, gero ya farfaɗo ya wuce kanmu, ko'ina kore iri ɗaya. Mai gonar, wani mutumin Mandera da ya saye ta bai san komai a kanta ba, ya ce mu shiga. Inna ta tattare zanenta ta bi ni cikin kunyoyi har gindin kukar.

"Wanne na?"

Na dubi waya, na dubi ƙasa. Babu tudu, babu kwari. Sai na soma ƙidaya taki da ƙarfi kamar wanda ya san abin da yake yi, na tsaya a wani wuri na nuna. Ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu. Ta cire 'yan ciyayin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana addu'a. Ina tsaye a kanta ƙaryata na ƙona mini ƙirji, ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

A hanyar komawa ina goye da ita har muka kusa Lambara. Ta matso da bakinta kusa da kunnena saboda ƙarar babur.

"Na san ba ka sani ba. Allah shi yi maka albarka."

Na rage gudu.

"Ni dai ca nike in na taka wurin zan ji shi ga jikina," ta ce. "Ni na haihe shi. Ban ji komi ba."

Na sauka gefen titi na kashe babur, don na daina ganin hanya.