Rijiyar garinmu ta daina kuka

Mun tashi daga Yamai bayan sallar asuba, ni a tuƙi, baƙina biyu a baya. Namijin mai ihu ne a wani kiɗa da suke kira blak metal. Macen kuma ba ta kiɗa, ƙarar abubuwa take ɗauka, ta ƙofa ko ta turmi, ta haɗa faifai. Ni na jawo wa kaina. Na rantse musu cewa gargaren iccen da igiyar wasaki ke bi a rijiyar garinmu, can cikin Kurfai, yana kukan da ake ji tun daga gona. Suka ce kwana ɗaya gare su, in kai su.

A hanya suka sa mini sabon faifansu. Na tsaya na buɗe gaban mota, na zaci injin ne.

A shingen soji kafin Baleyara, wani ya ciro makirfo mai gashi daga jaka, ya tambaya ko yana cizo. Ya ce a sa masa faifansu ya ji. Bai kai minti ɗaya ba ya ce mu wuce, Allah ya ba mu lafiya. A Baleyara muka ci gasasshen nama na jikka guda, rabinsa jijiya. Daga Bonkuku zuwa Filinge ramukan hanya suka gama da bayana.

Kuskurena ɗaya, na kira yayana tun jiya na ce ina zuwa da baƙi su ga rijiya. Mun tarar an share fili, an shimfiɗa tabarmi, ga fura. Aka ɗaure wa jaki igiya ya ja. Shiru. Wasaki ya hau kamar a mafarki.

Na ce, "Yaya, ina kukan?"

Ya ce, "Baƙin mai muka zuba mata. Kana so mutanen birni su ce ba mu iya kula da kayanmu ba?"

"Kukan suka zo ɗauka!"

"To su ɗauki naka."

Na ɗebi rairayi zan zuba cikin gargaren, ya riƙe mini hannu. Nan muka tono komai, har akuyar da ta ɓace a hannuna tun muna samari. Jaki ya sa baki. Mai ihun ya tsaya yana kallonmu da girmamawa. Macen ko ashe ba ta kashe na'urarta ta ɗaukar sauti ba.

Da la'asar muka juyo don kar a rufe hanya. Wajen Baleyara ta ce, "Baba, in ka yarda, faɗan nan naku da na ɗauka ya fi rijiya." Na ce sai Yaya ya yarda. Na kira shi, ya ce a sa a faifai, amma a cire maganar akuya. Ta ce nan ne ya fi daɗi.

Na iso gida da ciwon baya. Abin da na koya: in za ka kai baƙo ya ga abin ƙauye yadda yake, kada ka gaya wa ƙauye. Har yau Yaya bai san ba a cire akuyar ba.