Jirgin Yayana Mai Fiffike Ɗaya

Jiya na tsaya wurin mai gyaran takalmi a bakin kasuwar Dutsin-Ma, yana buɗe gwangwanin gam warin ya daki hancina. Sai da na nemi benci na zauna. Ka san akwai warin da ba ya sallama kafin ya mai da mutum gida. Ni ɗakin kakata ya mai da ni, can ƙauyenmu ta wajen Ɗantutture, wata bazara ina 'yar firamare.

A ɗakin nan yayana yake wuni. Tun yana goye yake fama da ciwon da muke ce wa sanyin ƙashi, wanda yau kowa ya san shi da sikila. Ya girme ni nesa, amma tsayinmu ɗaya. Sa'o'insa suna gona, suna kiwo, shi yana kan tabarma da idanunsa rawaya, yana kallon ƙadangaru a jikin katanga.

Kawunmu, mai gadi a wurin ma'aikatan dam ɗin Zobe, shi ya kawo mana wani kwali. Wani Bature da ya tashi komawa ƙasarsu ya bar shi cikin tarkace. Kwalin ya tsufa, gefensa duk ya ci, amma hoton da ke bisa bai dushe ba: jirgin yaƙi irin na yaƙin duniya na biyu, da farfela a hanci, an zana masa baki da haƙora kamar na kada. Muka buɗe muna zaton za mu ga jirgi. Sai muka tarar da gutsattsarin roba masu ruwan toka, manne a jikin wasu sandunan roba kamar ƙayar kifi, da takarda mai zane da lambobi.

Na ce, "Kawu, ai fasasshe ne."

 Yaya ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce in samo masa reza.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Da safe, kafin ɗaki ya ɗau zafi, sai ya baje kayan a faifai, ya yanko gutsure ɗaya, ya goge bakinsa da dutsen da kaka ke goge kaushi, ya gwada, ya sake gogewa. Gam ɗin da ya zo cikin kwalin ya bushe ƙamas. Kaka ta jiƙa masa ƙaro, ya ƙi kama roba. Ranar kasuwa baba ya hau keke har Dutsin-Ma ya dawo da gam daga wurin mai gyaran rediyo. Baba ba mai yawan magana ba ne. Ajiyewa kawai ya yi a bakin tabarma ya wuce.

Abu ɗaya kaka ta ƙi. Akwai ɗan mitsitsin matuƙi a cikin kayan, da hularsa da tabarau. Ta ɗaga shi ta duba, ta ce, "Wannan ɗan mutum-mutumin dai ba ya kwana ɗakina." Ta jefa shi cikin murhu. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to shi zai tuƙa.

Kafin saukar ruwan farko, Yaya ya haɗa gangar jirgin, ya sa wutsiya da farfela, ya manna fiffiken dama. Nakan hura farfelar ta juya, shi kuma yana yi mata ƙara da baki.

Sai damina ta sauka. Kowa na murna da ƙamshin ƙasa, mu a gidanmu hadari fargaba ne, don sanyi shi ke tada ciwon. Yatsunsa suka kumbura, reza ta gagare shi riƙewa. Kaka ta yi ta gashi da tsumma da ruwan zafi, ta shafa man shanu, aka sha rubutu, aka sha sassaƙe. In ya ɗan lafa sai ya ce in ɗora masa jirgin a ƙirji. Na ce bari in manna masa ɗayan fiffiken.

Ya ce, "Bar shi, ƙanwata. In na ji sauƙi ni zan sa."

An kai shi asibitin Kurfi a amalanke, an lulluɓe shi da leda saboda yayyafi. Gero na fidda kai aka dawo da shi a cikin amalanken nan, fuskarsa a rufe.

Bayan an share makoki na leƙa ɗakin na ga baba zaune a tabarmar, da takardar a cinyarsa, shi da ko boko bai yi ba. Yana ƙoƙarin sa fiffiken. Hannun da ya saba da ƙotar fartanya ne. Ya danna, robar ta ce ƙas. Ya daɗe yana kallon gutsuren biyu a tafinsa. Sannan ya mayar da komai cikin kwali ya tura ƙarƙashin gadon kaka. Ba wanda ya sake jawo shi.

Yau ba kaka, ba baba, ba kawu. Rashin tsaro ya tashe mu daga ƙauyen, ko ziyarar kabari ba mai zuwa. Ina haya a ɗaki ɗaya a nan gari, kuma ɗana na biyu da ciwon aka haife shi. Yanzu likitoci sun san sunan ciwon, sun san dalilinsa, sun yi mini bayani dalla-dalla, amma in hadari ya haɗu gashin nan dai na kaka nake yi. Yaro ne mai son haɗe-haɗe, kullum yana roƙona in sayo masa abin da zai ƙera da hannunsa. Nakan sayo masa balan-balan ko alewa. Har yau ban iya kawo masa abin da ba a gamawa a wuni ɗaya ba.