Jakar Goyon Iya Dabul

Mahaifiyata ba ta taɓa zama a aji ba, amma tana da Turancinta guda uku: singil, dabul, tiribul. A kamfanin ɗinka tamfol ta tsince su tun tana budurwa. Mai kula da aiki yakan ratsa tsakanin kekuna yana faɗarsu, har ta gane: singil allura ta bi sau ɗaya, dabul ta koma ta sake bi, tiribul kuwa sai wurin da zai ɗauki nauyi, kamar kunnen da ake zura igiya.

Ta bar kamfanin, amma dabul bai bar hannunta ba. Wandon makaranta, jakar littattafai, har maɓallin riga, komai sai ta bi sau biyu. Mun sha takaici! Wando ya ɗage maka har ƙwauri amma ya ƙi yagewa, balle a saya maka sabo. Unguwa ta laƙaba mata Iya Dabul, ita kuwa amsawa take har da gyara ɗaurin kallabi.

Lokacin da matata ta haifi 'yan uku, idon Iya ya riga ya yi rauni, keken ɗinkinta ma an lulluɓe shi. Bakwaini ne dukansu, kwalaben jarirai kuma biyu suka rage a asibitin. Aka sa mazan, don numfashinsu ya fi wahala. Ta ukun mace ce, 'yar mitsitsiya. Nas ta ce sai an manna ta a ƙirjin mutum kullum, in jikinta ya yi sanyi za mu rasa ta. Matata an yi mata aiki, ko zama ba ta iyawa. Ni kuwa, wallahi, kuka kawai nake.

"Share hawayenka ka zo ka zura min allura," in ji Iya.

Ta yanka zanin da ta fi so, ta shiga ɗinka jakar goyo mai igiyoyi, da laluben yatsu. Ganin ta koma bi na uku, na ce, "Iya, 'yar da ba ta kai takalmina nauyi ba, ai singil ma ya isa."

Ta galla min harara. "Kai dai ba ka da kai. Tamfol ma na yi masa tiribul, balle jikata?"

Makonni ta yi da yarinyar a ƙirji. A zaune take barci, bayanta ya ƙage, ba ta taɓa cewa wash ba.

Yarinyar nan yanzu tana sakandare, ta fi 'yan uwanta baki, kowa Tiribul yake ce mata. Rannan ta dawo tana gaya wa kakarta cewa Turawan Ingila ma a wurin Faransawa suka samo kalmomin.

"Au, ashe su ma aro suka yi!" Iya ta kwashe da dariya. "To ni dai kalmomin sun yi min rana."

Ina alfahari da tsohuwar nan, ba na ɓoyewa. Jakar tana cikin akwatin matata. Yadin ya koɗe, ya fara cinyewa, amma ko zare ɗaya bai saki ba.