Watan da ke gudu a kwamfutar Yaya Sule

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Sule, wana, amma bana ne na fara jin da gaske ya tafi. Tsohuwar kwamfutarsa ce ta mutu a watan Rajab.

Waɗanda suka san shagonsa na gyaran rediyo a Kasuwar Kilomita Biyar za su tuna da ita: ƙatuwa, mai gurnani kamar injin markaɗe. A cikinta akwai wata tsohuwar manhajar taurari da ya samo a faifai. Duk ƙarshen Sha'aban dattawan layinmu sukan taru, ya duba, sannan ya fito ya nuna musu da hannu daidai inda za su nemi jinjirin wata. Bai taɓa cewa a ɗauki azumi ba. Cewa yake, "Ni dai na nuna muku wuri, gani na ido ne." Bayan rasuwarsa ni na gaji nunin, ba don na iya ba, sai don na san maɓallan da yake dannawa.

Na kwashe manhajar na sa a sabuwar kwamfuta. Da ƙyar ta buɗe, amma injin ya fi ƙarfinta. A da, ana zaune ana shan shayi kafin wata ya matsa taku ɗaya. Yanzu ina danna maɓalli sai sama ta hau juyi, wata ya fito ya faɗi kafin in ƙifta ido. Jiya da na tsayar da ita, ta kai ni shekarar da babu ko ɗayanmu a duniya.

Na san da Yaya yana nan dariya zai yi mini, ya ce "yeke-yeke," wato a hankali da yaren Sango na garinmu, sannu ba ta hana zuwa. To amma Sha'aban ba ya jiran mai gyara. Wayar kowa tana faɗin wata yanzu, ni ma na sani. Dattawan nan ba ita suke so ba, hannun gidanmu suke so su bi.

Abin da ya rage na Yaya ke nan: tsofaffi masu tako ƙafa, wasu har daga unguwar Yakite, don sun yarda da shi. Ranar Alhamis za su zo, kuma zan ɗaga hannu. In na nuna ba daidai ba, don kara za su ce hadari ne ya rufe. Baɗi kuma ba za su zo ba.