Rakiyar Gwaram

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sule mai gidan burodi a Birnin Kudu. Ni da sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci ban iya kwalliyar magana ba, don haka zan faɗi abin da na sani kawai.

Yaya ya buɗe gidan ne bayan samun mulkin kai. Ni ke dafa wa ma'aikata abinci, ni ke kula da fulawa, kuma bakina ba ya shiru. Shi kuwa ban taɓa jin ya yi wa ma'aikaci faɗa a gaban mutane ba. In mutum ya yi laifi, sai ranar kasuwa, an loda burodi a mota, ya ce, "Wane, zo ka raka ni Gwaram." Ya zaunar da shi a gaba, su biyu. Abin da aka faɗa a hanya, a hanya yake tsayawa. Su dawo da tsire, mai laifin ne zai raba wa kowa.

Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, samari suka yi ta gudu Kano aikin gini. Saura Idi, mai kula da wuta, wanda in ya tafi gidan ya mutu. Wata rana ya ƙona burodi, na wanke shi tas a gaban masu saye. Idi ya cire hula ya kakkaɓe.

Ranar kasuwa Yaya ya leƙo madafa. "Ladi, zo ki raka ni Gwaram."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Na ce, "Ni? Idi da ya ƙona burodin fa?"

"Shi ya ƙona burodi. Shiga mota."

Ba zan faɗi abin da ya gaya mini ba, ƙa'idar ke nan. Har gobe ina ganin burodin nan ya ƙone kuma ya kamata a faɗa. Amma ni na raba tsire da yamma, Idi ne ya fara ɗauka, bai kuma tafi Kano ba.

Yanzu ɗan Yaya, Aminu, ke riƙe da gidan. Ya sayi injuna, ya yi ofis mai ƙofar gilashi. Ma'aikata kuwa ba na gama sanin sunan wani sai in ga wani. Ina tunanin da Yaya ya leƙo zai yaba injunan, sannan ya tambaya ina mutanensa. Watan jiya Aminu ya daka wa Idi tsawa a gaban yaran da Idi ya koya wa murza ƙullu. Tsohon ya cire hula ya kakkaɓe. Tun ranar bai dawo ba.

Na yafa mayafi na je ofishin. Na ce, "Aminu, zo ka raka ni Gwaram."

Bai ko ɗago kai ba. "Gwaggo, aiki ya yi mini yawa. Bari in sa direba ya kai ki."

Bai san abin da na ce ba. Duk gidan ba wanda ya sani.

Na shiga motar haya ni kaɗai, na je Gwaram na sayo tsire, na kai wa Idi har gida. Muka ci, muka yi wa Yaya addu'a. Abin da ya rage nasa ke nan: tsofaffi biyu da suka san hanyar. Allah ya jiƙanka, Yaya. Tun da ka tafi ba wanda ya sake kirana gefe ya gaya mini gaskiya.