Ɗaki na Goma

Yayana kafinta ne, amma ba na gado da kujera ba. Shekara talatin da ɗoriya ƙofa kaɗai yake yi, har sunan ya bi shi: Mai Ƙofa. In ya shiga gidan mutane, kafin ya gama gaisuwa ya riga ya taɓa ƙyauren ya ce wannan yana jan ƙasa. Mun sha kunya a gidajen surukai ba kaɗan ba.

Da bayansa ya ƙi ɗaukar katako, ɗan kawunmu ya ja shi wani ƙaramin kamfanin wasannin bidiyo da yake aiki. Suna da manhajar gina wuraren wasa: ka zana ɗakuna a allo kamar akwatuna, ka haɗa su da ƙofofi, mai wasa ya bi ta ciki. Ma'aikatan sun iya zane, amma ƙofofinsu shirme ne tsantsa. Ka fita ta gabas ka faɗo ta yamma, ko ka buɗe ƙofa ka yi karo da bango. Ni ce kan gaba wajen yi masa dariya, wai tsoho da furfura zai koyi danne-danne. Cikin wata shida duk ƙofar da ta gagara teburinsa ake kawo ta. Shi bai yarda da taswira ba. Sai ya shiga wasan ya taka kowane ɗaki, ya buɗe kowace ƙofa ta ciki da ta waje.

Bara mantuwa ta fara masa. Ya sa makulli a firij, ya tsaya bakin titinsu yana tambayar hanyar gida. Likita ya ce abin ba ya komawa baya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, a ɗakinmu kuwa mu biyu muka rage, don haka kula da shi ta dawo kaina. Ba wahalar nake tsoro ba. Ranar da zai dube ni bai san ni ba nake tsoro.

Da ya bar aiki suka bar masa kwamfutar. Ya ce zai gina gidan da aka haife mu, wanda aka rushe aka yi titi, kafin ya zube daga kansa. Kullum bayan azahar ina kai masa abinci, ina sallama zai ce, “Auta, zo ki gani.” Shekarata hamsin da biyu, ina da jikoki, amma a bakinsa ni Auta ce. Mu yi ta musu kan inda famfo yake da wajen da tagar Baba ke kallo. Cikin wata biyu gidan ya tsaya, ɗaki tara cif.

Sai jan rubutu ya fito a ƙasan allo. Manhajar ta ce akwai ɗaki ɗaya da ba a haɗa shi da komai ba. Irin wannan, in ji Yaya, maraya suke ce masa a wurin aiki. A taswira tara muke gani, a jerin ɗakuna kuwa goma.

Kwana uku yana bin ƙofofin. Kowace ƙofa lamba biyu gare ta, ta ɗakin da ta fito da ta ɗakin da ta shiga, ya duba su duka bai sami kuskure ba. Na gaji na ce don Allah ya goge shi mu huta, wataƙila hannunsa ne ya zame. Ya harare ni ya ce shi bai taɓa goge ɗakin da bai shiga ba, ba kuma zai fara da gidan ubansa ba.

Rana ta huɗu ya bar ƙofofi ya koma awo. Lambobin marayan sun nuna yana tsakanin ɗakin Inna da sito. Na ce babu komai a nan sai bango, jikinsa na jingina na yi duk ƙuruciyata.

“Bangon nan ya cika kauri,” ya ce. “Ba ki taɓa lura ba?”

Manhajar tana rubuta ranar da aka zana kowane ɗaki. Na leƙa ranar marayan. Talatar da muka wuni a asibiti ce, ranar da kwamfutar take kulle a durowarsa, makullin a jakata. Ban gaya masa ba. Har yau ina lallashin kaina cewa agogon na'urar ne ya rikice.

Ya yanka ƙofa daga ɗakin Inna, ya sa lambobin biyu, jan rubutun ya ɓace. Ya shiga. Ɗan tsukukun ɗaki ne ba taga. Ƙaramar tabarma a shimfiɗe, takalman roba na yarinya a jere bakinta, da kofi a kife. Babu abin da ya motsa. Rana tsaka ce, fanka na juyawa, mai gyaran babur na ta buge-bugensa a waje, amma wallahi tsigar jikina ta tashi.

Idonsa a kan allon ya ba ni labarin. Kafin a haife ni akwai wata yarinya a ɗakinmu. Tana shekara huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Inna ta riƙa suma duk sanda ta ga ɗakin da yarinyar take kwana, sai Baba ya cire ƙyauren, ya sa aka toshe wurin aka shafe, ya hana kowa ambatonta. Yaya yana shekara tara lokacin, shi ya riƙe wa Baba ƙyauren. Ya ce sama da shekara hamsin bai tuna ba, yanzu kuwa da na jiya ke guje masa, wannan ya dawo garau.

Na fita tsakar gida na kira gwaggonmu, ita kaɗai ta rage cikin manya. Ina gama yi mata maganar yarinyar a waya sai ta tambaye ni wa ya gaya mini.

Na koma na tambaye shi sunan yarinyar. Ya ce ba ya jin an taɓa kiranta da suna. Auta kowa ke ce mata. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba, na kwashe kwanukana na tafi ko sallama ban yi ba.

Washegari na huce, na dafa abin da yake so na kai. Na tarar da shi gaban allon, cikin ɗakin nan dai, hannunsa ba ya kan komai. Na ce, “Yaya.” Ya juyo ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa matan da ke zuwa sayen ƙofa, ya gyara zama, ya sassauta murya.

“Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ki yi a hankali, Auta tana barci.”

Na ajiye kwanon a hankali kamar yadda ya ce.